Kururuwa a Bahon Wanki

Shafi na 17

Bismillah. Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi na kawo. Wadda ta san ta ɗora abu a wuta ta je ta sauke tukuna, kar ya ƙone a ce ni ce.

Ga waɗanda yau suka shigo: Dogo, mijin Maman Biyu, ya fita teku da jirginsa na kamun kifi, shi da ma'aikatansa biyu. Jiya da yamma ya kamata su shigo tashar jiragen ruwa. Ba su shigo ba, rediyonsu kuma shiru. Maman Biyu ta yafa mayafi za ta ofishin ceto, sai wan mijinta, Yaya Babba, ya tare ta a ƙofa. Ya tuna mata cewa jirgin yana da Kururuwa, wato 'yar na'urar nan rawaya mai kama da filas ɗin shayi da ake maƙalawa a ɗakin tuƙi. In jirgi ya shiga uku aka kunna ta, ko ta faɗa ruwa, nan take za ta gaya wa tauraron ɗan'adam sunan jirgin da inda yake. Ya ce, "Tunda ba ta yi kuka ba, lafiya suke. Kifi ne ya riƙe su." Da wannan maganar gidan ya kwana.

*

Ta raka 'yan biyu bakin titi kenan motar makaranta ta kwashe su, wayar ta yi ƙara a hannunta.

"Salamu alaikum. Da matar Dogo nake magana?"

Tun kafin ta amsa ta gane muryar. Babu matar masunci da ba ta san ta ba. Ita ce mai karanta yanayin iska da igiyar ruwa a rediyon tasha safe da yamma, har aka sa mata suna Anti Rediyo. Kuma kowa ya sani, Anti Rediyo ba ta kiran mutum don ta ji ya ya kwana.

"Ni ce."

"Daga ofishin ceto ne. Ki natsu ki saurare ni. Kururuwar jirgin mijinki ta tashi."

Maman Biyu ta dafa turken lantarkin da ke kusa da ita.

"Sun nutse?"

"Ban ce miki haka ba."

"To me kika ce?"

"Na ce ta tashi. Kuma alamar farko da muka samu tana nuna kusa da gaɓa. Kusa sosai."

"Kusa? Wato suna hanya?"

Anti Rediyo ta sauke murya.

"Akwai abin da ban gane ba. In za ki iya, ki zo."

Ba ta koma gida ba. Da silifas ɗin wanka a ƙafarta ta nufi tasha, tana tafe tana haɗawa da gudu, kalma ɗaya tal take juyawa a ranta: kusa. Tsoro na cinta, amma can ƙasan tsoron har da wani ɗan daɗi. Ko ba komai an san inda yake.

*

Ofishin a saman bene yake, tagarsa na kallon tasha. Rediyoyi na ta shuuu a kan dogon tebur. Maman Biyu ta daɗe tana zaton Anti Rediyo wata ƙatuwa ce mai cika kujera, sai ga wata 'yar siririya mai tabarau ta miƙe ta kama hannunta. Ta ja ta gaban allon kwamfuta.

Taswira ce. Rabi shuɗi, rabi ruwan ƙasa. Ga wani jan ɗigo yana ƙyaftawa.

Maman Biyu ba ta taɓa tuƙa jirgi ba, amma ba makauniya ba ce.

"Shuɗin nan shi ne ruwa?"

"Shi ne."

"To me ya sa ɗigon yake kan ƙasa?"

"Abin da nake tambayar kaina kenan tun da na kira ki."

Ogan ofishin, wani mai furfura da ya tura hula ƙeya, ya leƙo ta kafaɗarsu ya ja tsaki.

"Kukan ƙarya ne. Mun saba. Wani ya yar da tsohuwa a bola ruwan sama ya taɓa ta, wani kuma yaransa sun samu abin wasa. A ce wa jirgin ceto ya kashe inji."

"Ranka ya daɗe," in ji Maman Biyu, "ta mijina ba a bola take ba. Tana jirginsa. Jirgin kuma bai dawo ba."

Ya juyo gaba ɗaya.

"Bai dawo ba tun yaushe?"

"Tun jiya ake sa ransa."

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa."

"Baiwar Allah, jirgi ya kwana bai shigo ba, kina zaune a gida?"

"An ce min kar in tayar wa hukuma hankali. An ce tunda Kururuwa ba ta yi kuka ba..."

Ba ta ƙarasa ba. Oga ya gyara hularsa, kuma daga nan bai sake jan tsaki ba. Ya sa aka fara kiran duk jirgin da ke ruwa ana cigiyar na Dogo. Sannan ya dubi Anti Rediyo.

"Ɗauki sandar nema ki bi ta. Duk inda take, a can amsar take."

Sandar nema wata aba ce kamar eriyar talabijin ta da, mai 'yar akwati a gindi. Anti Rediyo ta rataya oba-oba a kafaɗa, suna sauka bene tana yi wa Maman Biyu bayani.

"Murya biyu gare ta. Babbar sama take tafiya. Ƙaramar kuma don wanda ya matso kusa ne, ita wannan sandar take ji. In muka fuskance ta ƙarar za ta ƙaru."

Ta kunna. Can ƙasa-ƙasa aka ji wiu, wiu, wiu. Ta juya sandar wajen teku, ƙarar ta ɓace. Ta juya ta cikin gari, ta dawo.

Suka bi ta.

Suka wuce gidan ƙanƙara. Suka wuce rumfar masu gyaran koma, duk suka ajiye allura suna binsu da kallo. A kwanar mai walda Anti Rediyo ta tsaya, ta yi dama, ta yi hagu, ta zaɓi hagu.

Ni dai na san abin da wasunku ke rayawa, kuma Maman Biyu ma ta raya shi. Ta ce ko dai mutumin nan ya shigo tun jiya ta wata gaɓar, yana kwance gidan wata da na'urarsa a jaka? Abin da ya ba ta mamaki, ko ɗigon kishi ba ta ji ba. Addu'a ma ta kama yi: Allah Ka sa haka ne. Allah Ka sa in same shi a ɗakin wata yana minshari, in ya so ma yi rigimar daga baya.

Wiu, wiu, wiu.

Suka wuce kantin maganin da take sayen na tarin 'yan biyu. Suka wuce mai cajin waya, har ya ɗaga mata hannu. Maman Biyu ta rage sauri.

"Anti."

"Na'am."

"Nan layinmu ne."

Anti Rediyo ta rage ƙarar don ta fara cika kunne. Ta wuce gida na farko, ta wuce na biyu. A bakin wani koren ƙyaure mai lanƙwasasshen mariƙi ta ja ta tsaya, ta ɗaga sandar ta sauke.

"Gidan wa ne wannan?"

Maman Biyu ta dafa mariƙin.

"Gidanmu ne."

*

Inna, uwar su Dogo, tana tsakar gida a kan kujera 'yar tsugunno, ga ƙaton baho cike da kumfa a gabanta. Haka take in hankalinta ya tashi, ba ta kuka, wanki take. Tun da gari ya waye ta wanke nata, ta wanke na jikoki, ta wanke labule, da ta rasa abin wankewa ta shiga ɗakin ajiya ta jawo buhun kayan aikin maza ta juye a ruwa.

Ta ɗago ta ga surukarta da baƙuwa riƙe da eriya.

"Lafiya? Talabijin ɗin ce ta lalace?"

Anti Rediyo ta gaishe ta a ladabce, idonta na kan bahon. Ƙarƙashin kumfar wani farin haske yana walƙawa yana ɗaukewa.

"Inna, mene ne wancan?"

"Oho musu. Tocilan ce wani ya bari a cikin kaya. Tun da na jiƙa su take min ƙyafce, na ce bari in gama da wannan wandon in ciro ta."

Anti Rediyo ta naɗe hannun riga ta tsoma hannu. Ta jawo wata rigar ruwa da aka naɗe tam aka ɗaure da igiya. Tana kwance igiyar abin ya zame ya faɗo mata a tafi, rawaya, yana ɗigar da ruwan sabulu.

Daidai nan labulen ɗakin gaba ya ɗaga. Yaya Babba ya fito da kofin shayi a hannu. Bai ga baƙuwar ba, bai ga Maman Biyu ba. Buhun da ke yashe a ƙasa ya gani.

"Inna, wa ya ce ki taɓa buhun nan?"

Sai da ya faɗa sannan ya ga sauran. Kofin ya karkace, shayin ya zubo masa a ƙafa, ko motsi bai yi ba.

Anti Rediyo ta goge na'urar da gefen rigarta, ta kashe ta. Ƙarar sandar ta yanke. Ta jawo oba-oba.

"Oga, na same ta. A tsakar gida, cikin ruwan wanki. A gidanta na jirgi akwai maganaɗisun da ke hana ta tashi don fantsamar ruwa, to an ciro ta daga can, ruwa na taɓa ta ta kama." Ta juya ta tana dubawa. "An manna mata sunan wani jirgi a jiki. Amma abin da take faɗa wa sama, sunan jirgin Dogo ne."

Maman Biyu ta matso. Ta karanta sunan da aka manna. Ta san shi, kullum tana ganinsa da farin fenti a jikin jirgin Yaya Babba.

Duk da haka kanta bai ɗauka ba.

"A'a, ku tsaya. Ba tasa ba ce. Da idona na ga tasa. Ranar da zai tafi na kai masa guzuri har cikin ɗakin tuƙi, tana nan maƙale a wurinta, har na bugi gwiwar hannuna da ita."

Ta bi su da kallo.

"In wannan ce tasa, to wacce na gani?"

Anti Rediyo ta dubi Yaya Babba ta saman tabarau.

"Malam, kai ake tambaya."

"Ni... bari in yi muku bayani."

"Muna ji."

"Ba wani abu ba ne. Kowa a tasha yana yi."

"Yana yin me?"

"Aro." Ya ajiye kofin. "In masu duba jirage za su zo, wanda tasa ta samu matsala sai ya ari ta maƙwabci ya maƙala. Su zo su gwada su ga tana aiki, su sa hannu su tafi, a mayar wa mai ita. Akwai wadda ta zaga jirage da yawa a yini guda, ba abin da ya faru."

"Dogo ne ya ara maka?"

Yaya Babba ya kau da kai.

"Malam, Dogo ne ya ara maka?"

"Na tambaye shi ya hana. Kun san halinsa da taurin kai. Ya ce shi ba ya wasa da wannan."

"Sai ka ɗauka."

"Aro na yi. Jibi ya ce min zai fita, na lissafa kafin nan na mayar. Na sa masa tawa a wurin don kar ya ga wayam ya tayar da rigima. Sai kawai ya ji labarin kifi ya taso, ya kwance igiya washegari tun ban farka ba."

Ku da kuke ta yabon Yaya Babba a wurin sharhi tun shafin farko, wai dattijon arziki, wai bangon gida, ina kuke? Ku fito mana. Ni da nake rubutawa ma sai da na ajiye wayar na sha ruwa.

Maman Biyu tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa haɗa ido da wan mijinta ba. A tsugune take gaishe shi. Yau ta tako har gabansa.

"Yaya, taka da ke jirginsa, me ya same ta?"

"Maman Biyu, ki kwantar da..."

"Me ya same ta?"

"Ruwan gishiri ya shige ta. Mai gyara ya ce cikin ya ci. Na yi odar sabuwa, wallahi na yi, ba ta iso ba ne."

"Wato matacciya ce."

"Ba duka ba. Fitilar tana kamawa."

Ya faɗi haka ne don ya rage wa kansa laifi. Amma Anti Rediyo ta cire tabarau a hankali, fuskarta ta canja.

"Maimaita."

"Na ce fitilar tana kamawa."

"Amma ba ta aikawa."

"Ba ta aikawa."

"Wato in ya kunna ta zai ga wuta tana ƙyaftawa."

"Zai gani."

"Zai ɗauka muna jinsa."

Yaya Babba ya sunkuyar da kai.

"Da gaba ɗaya ta mutu ai da sauƙi," in ji Anti Rediyo, muryarta ta yi ƙasa sosai. "Wanda ya san ba a ji shi ba yana neman wata dabara. Wanda ya ɗauka an ji shi, zama yake ya jira."

Maman Biyu ta ja da baya. Ta dafa igiyar shanya, rigunan 'yan biyu masu danshi suka taɓa fuskarta.

"Da ka ga ya tafi, me ya hana ka kira shi?"

"Na kira wayarsa. Ya riga ya fita daga inda take shiga."

"Rediyo fa? Kana da rediyo a jirginka. Yini guda yana inda za ka same shi."

Ya ɗago kai. Sai ya saci kallon Anti Rediyo.

"Au," in ji Anti Rediyo. "Ni ce."

"Rediyo ba waya ba ce," ya ce a hankali. "In na yi magana duk tasha na ji. Ke ma kina ji. In na ce Dogo dawo, Kururuwarka na hannuna, kafin in ajiye an ƙwace min lasisi. Na ce fita ɗaya ce. Fita nawa ya yi bai taɓa kunna ta ba?"

"Sai ka zaɓi lasisi," in ji Maman Biyu.

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Jiya fa, Yaya? Jiya da na ɗauki mayafi? Ka tsaya min a ƙofar can ka ce in koma ɗaki. Ka ce tunda ba ta yi kuka ba lafiya suke. Kana faɗa, ka san tana naɗe a buhu a bayanka."

"Na ɗauka zai shigo da safe."

"Na yi maka godiya. Har na ce Allah Ya bar mana kai."

Nan kuka ya ƙwace mata. Ba kukan tsoro ba ne, na takaici ne, irin wanda yake fitowa da zafi. Ta tuna yadda ta koma ɗaki ta ce wa 'yan biyu Baba Babba ya ce babanku na nan tafe da kifi mai yawa, suka yi ta tsalle a kan katifa.

Duk wannan abin Inna na jin su. Tana zaune, hannuwanta a kan gwiwa, kumfa na bushewa a jikinsu. Sai yanzu ta yi magana, kuma ba da ɗanta ba.

"'Yar nan."

"Na'am, Inna," in ji Anti Rediyo.

"Da ban jiƙa wankin nan ba fa?"

Anti Rediyo ta dubi na'urar da ke hannunta.

"Tambayarki nake. Da na bar buhun a inda yake, yaushe za ku sani?"

"Sai in wani ya zo ya faɗa mana, Inna."

Inna ta gyaɗa kai. Sannan ta juya ta dubi babban ɗanta, kallon da ya fi mari.

"Kai ka koya masa iyo. Kai ka fara ɗora shi a jirgi ina hana ka. Jiya ka riƙe hannun nan nawa ka ce min Inna shirun alheri ne."

"Inna, ki yafe..."

"Kar ka matso ni. Autana na cikin ruwa."

Oba-obar da aka bari a kunne ta yi ƙara. Muryar Oga ce.

"Na ji komai. Jirgin ceto ya tayar da inji, na nemi jirgin sama ma. Amma ina za su nufa? Teku ba tsakar gida ba ce. A tambayi iyalinsa ina yake zuwa kamu."

Anti Rediyo ta dubi Maman Biyu. Ta girgiza kai. Wane masunci ne yake faɗin wurin kamunsa? Dogo ko ita ba ya gaya wa, in ta tambaya sai ya yi dariya ya ce can inda kifi yake.

"Na san wajen da yake bi," in ji Yaya Babba da sauri. "Ba daidai ba, amma na san yankin. Bari in ɗauki jirgina in fita yanzu."

"Da wace Kururuwar?" in ji Anti Rediyo.

Ya tsaya da ƙafa ɗaya cikin takalmi.

"Za ka bi ni ofis ka nuna a taswira. Sauran maganar kuma ba da ni za ka yi ta ba."

Ta sa na'urar a hammata ta ɗauki sandarta. Ba su kai ƙofa ba aka doka sallama daga waje, da murya mai cike da fara'a.

"Masu gida, a shigo?"

Baba Mai Koma ne, wani tsoho mai ɗan ƙaramin jirgi da ko rediyo babu a cikinsa. Abokin marigayi mahaifinsu ne, a hannunsa su Dogo suka girma. Daga ganinsa yanzu ya sauko, gishiri ya yi fari a wandonsa, ga manyan kifi biyu ya rataya a igiya.

"Inna, barka da aiki. Ungo wannan a yi wa jikoki. Na ce kafin in je gida in biyo in yi wa ja'irin nan tsiya."

"Wane ja'iri?" in ji Inna.

"Dogo mana. Mai jirgin da ba ya lalacewa. Kullum yana min gorin kwale-kwale, jiya sai ga shi a tsaye tsakiyar ruwa yana ɗaga min riga."

Maman Biyu ba ta san lokacin da ta cafki hannun tsohon ba.

"Baba, ka gan shi?"

"Ƙwarai kuwa. Jiya da azahar."

"Da ransa?"

"Har da bakinsa. Ke, sake ni, za ki karya min hannu." Ya yi dariya. "Wani abu suka buga a ƙarƙashi, katako ya tsage. Ruwa ya shanye musu inji da batir, rediyo ya mutu. Na same su su uku suna ta kwarfa, ruwa ya kai musu ƙauri. Bokitina ma na ba su."

"Ka jawo su?" in ji Anti Rediyo.

"Da me? Jirgina ba zai ja wancan ba ko da babu kifi a ciki. Na dai ce su bar shi su shigo nawa, in zubar da kifin mu lallaɓa. Na ce Dogo, jirgin nan ba zai kwana ba."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce ai ba ya buƙatar ya kwana. Ya ce Baba kar ka zubar da wahalarka a banza, na kunna Kururuwa tun ɗazu, kafin magariba masu ceto sun iso da famfo. Ban yarda ba sai da ya ɗago min ita. Na gan ta da idona tana ƙyaftawa, tas-tas. Yaran jirgin nasa ma ɗaya ya so ya biyo ni, Dogo ya ce zauna, na hukuma ya fi sauri. Shi ne hankalina ya kwanta na wuce wajen komata."

Yaya Babba ya ja da baya. Bayansa ya bugi bango, ya sulale ya zauna a ƙasa.

Tsohon ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, murmushinsa bai gama gushewa ba. Sai idonsa ya sauka a kan abar da ke hammatar Anti Rediyo.

"Yawwa, ai ga ta nan ma. Alhamdulillahi, ashe kun ɗauko su."

Ya leƙa ta bayan Maman Biyu, wajen ƙofar ɗakinta, ya ɗaga murya.

"Dogo, barcin ya isa haka. Fito ka ba ni bokitina."